Muhawara: Wa Ke Cinye Gaɓar Teku Daga Keta Zuwa Legas?

Malam Sabi'u, Zariya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma a wannan zango manhaja ta kawo mu kan yadda igiyar ruwa ke sarrafa gaɓar teku. Littattafanmu suna cewa igiya tana cin ƙasa kuma tana gina ta, amma misalan da suke kawowa duk na Turai ne, alhali ƙasarmu tana da gaɓa mai tsawon kusan kilomita 853. Ina roƙon waɗanda ke da masaniya su fayyace mini abu biyu. Me ya sa Bar Beach, sanannen rairayin bakin teku na Victoria Island a Legas, ta ɓace, yayin da rairayin da ke yammacinta ya ƙara faɗi? Sannan aikin Eko Atlantic, wato sabon filin birni da aka cike a cikin teku a gurbin Bar Beach, maganin matsalar ya yi, ko kuwa tura ta gaba ya yi?

Injiniya Bashir, Legas:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga Bar Beach, sai an fahimci inda igiyar take fitowa. Iska ce ke haifar da ita, amma manyan igiyoyin da ke dukan gaɓarmu ba iskar Legas ce ta tayar da su ba. Guguwoyin kudancin Tekun Atlantika ne, can nesa ƙwarai, suke tayar da su, su yi tafiyar dubban kilomitoci kafin su iso, shi ya sa za ka ga rana tsaf, babu hadari ko kaɗan, amma teku yana ta tumbatsa. Abin da ke tafiya shi ne ƙarfin, domin shi kansa ruwan zagaye kawai yake yi a inda yake. Idan igiya ta iso wurin da zurfin ruwa bai kai rabin tazarar da ke tsakanin kanta da kan igiyar da ke biye da ita ba, sai gindinta ya fara gogar ƙasa, gudunta ya ragu, kanta ya ɗaga sama, har ya rinjayi gindin ta kife a kan rairayi.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne alƙiblar da take zuwa da ita. Gaɓar da ta taso daga bakin Kogin Volta ta bi Togo da Benin ta iso Legas a miƙe take daga yamma zuwa gabas, igiya kuwa daga kudu maso yamma take zuwa, wato a karkace take dukan gaɓar. Idan ta haura da yashi a karkace, ruwan da ke komawa yakan gangaro da shi kai tsaye saboda nauyi, sai igiya ta biyu ta sake ɗaukarsa ta matsa da shi gaba kaɗan. Haka ake yi dare da rana, har yashin ya zama kamar ayarin da ba ya yada zango. A wannan yanki ana ƙiyasta cewa yashin da ke wuce kowane wuri a shekara ya kai kubik mita dubu 500 zuwa miliyan 1, wanda ko a ƙaramin ƙiyasin ya kai lodin tifa dubu 50 idan kowace tana ɗaukar kubik mita 10. Muddin abin da ke shigowa daga yamma ya yi daidai da abin da ke fita ta gabas, gaɓa tana nan a inda take.

Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada yashi ya toshe hanyar manyan jirage. Katangar yamma ta tare yashin da ke tahowa, sai rairayin Lighthouse Beach ya yi ta ƙaruwa, ita kuwa Bar Beach da ke gabas aka yanke mata abinci, alhali igiya ba ta daina kwashe wanda ke wurin ba. Cikin shekarun da suka biyo baya teku ya ci fiye da kilomita guda na ƙasa a wurin. Daga 1958 aka fara yaso yashi daga cikin ruwa ana zubawa, aka yi ta maimaitawa, kowane karo kuma igiya ta kwashe shi cikin 'yan shekaru. Duk wanda ya san titin Ahmadu Bello na Victoria Island a farkon shekarun 2000 ya san yadda ruwa ke haurowa ya mamaye kwalta har ƙofar ofisoshin jihohi da ke jere a wurin.

Malam Sabi'u, Zariya:
Allah ya ƙara basira, Injiniya. Ke nan tashar jiragen ruwa ce asalin ciwon, tun kafin a fara maganar ɗumamar yanayi. To, ina amsar tambayata ta biyu?

Injiniya Bashir, Legas:
A ganina aikin ya ceci Victoria Island, kuma ina faɗin haka da cikakken yaƙini. Gwamnatin Jihar Legas da kamfanin South Energyx sun cike wurin da teku ya ci da yashin da aka yaso daga nesa da gaɓa, da nufin samar da fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, suka kuma kare shi da katangar da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5. Fuskar katangar an lulluɓe ta da manyan tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne, waɗanda ke sarƙe da juna, ga kuma ramuka a tsakaninsu da ke karya ƙarfin igiya maimakon su mayar da ita da ƙarfinta. An gwada samfurin katangar a wata cibiyar nazarin ruwa ta ƙasar Denmak kafin a gina ta. Tun da aka kafa ta, titin Ahmadu Bello ya huta da ambaliyar teku, kuma kada a manta cewa dukiyar da ke bayan wannan katanga, daga bankuna zuwa ofisoshin jakadanci, ba abin da za a sallama wa ruwa ba ne.

Hajiya Rakiya, Aja:
Injiniya, da izininka zan saɓa maka, domin ni a gabashin wannan katanga nake zaune. Bayanin da ka yi da kanka shi ne hujjata. Ka ce duk abin da aka kafa a hanyar yashi yana ƙosar da yamma ya bar gabas da yunwa. To, wane dalili ne zai sa wannan ƙa'ida ta yi aiki a kan katangar 1912, amma ta ƙi aiki a kan wadda aka fara bayan 2008? Mutanen Okun Alfa, inda ake kira Alpha Beach, sun rasa titi da gidaje da itatuwan kwakwa da rumfunan sana'arsu, kuma a watan Agustan 2012 teku ya tumbatsa a rairayin Kuramo da ke gabas da Bar Beach ya tafi da mutane fiye da goma. Na san masu aikin sun musanta cewa su ne sanadi, na kuma san zaizayar ta riga aikin farawa. Amma mu a al'adarmu, wanda ya juya indararonsa ya fuskanci katangar maƙwabcinsa ba ya kare kansa da cewa ba shi ya saukar da ruwan sama ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, Bar Beach wuri ne da kowa ke zuwa ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba, masu sayar da tsire da masu hayar dawakai, da yawansu 'yan Arewa, a nan suke samun na abinci. Yau filin da ya maye gurbinta na masu hannu da shuni ne kaɗai.

Injiniya Bashir, Legas:
Hajiya, ban raina ƙorafinki ba, kuma maganar rasa wurin shaƙatawar jama'a gaskiya ce. Sai dai akwai bambanci tsakanin katangar da ta kutsa cikin teku ta tare yashi, da wadda aka gina a inuwar waccan, a wurin da yashin ya riga ya daina isowa tun shekaru ɗari da suka wuce. Eko Atlantic ba ta tare wani sabon yashi mai yawa ba, domin katangar yamma ta riga ta riƙe shi. Abin da zan yarda da shi shi ne, a da Bar Beach da yashin da ake ta zuba mata su ne ke ciyar da gaɓar Lekki, tunda duk abin da igiya ta kwashe daga can gabas yake nufa. Da aka rufe wurin da dutse da kankare, wannan ciyarwa ta tsaya, sai wurin da igiya ke ci ya koma ƙarshen katangar. Don haka ne gwamnatin jihar ta jera shingayen duwatsu masu kutsawa cikin ruwa a gaɓar Lekki, don kowanne ya riƙe ɗan yashi a gefensa na yamma.

Hajiya Rakiya, Aja:
Ai ka ga mun haɗu ke nan. Bayan shinge na ƙarshe kuma akwai wani ƙauye, kuma ba a taɓa tambayar mutanensa ko sun amince a tura musu teku ba.

Alhaji Ɗanjuma, Akara:
Salamu alaikum. Ku bari in kawo muku labarin Gana, domin abin da Hajiya ke faɗa mun gan shi da idonmu a yankin Volta. Keta tsohon gari ne na fatauci, yana zaune a kan siririn tudun yashi tsakanin teku da babban tafki, kuma akwai tsohuwar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784, wadda teku ya riga ya rushe wani sashe nata. Zaizaya daɗaɗɗiya ce a wurin, amma ta tsananta bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, saboda yashin da Kogin Volta ke kawowa bakin teku ya koma yana kwanciya a gindin tafkin da madatsar ta haifar. Gana ta samu wutar lantarki, Keta ta rasa unguwanni.

A farkon shekarun 2000 aka yi babban aikin kare garin da rancen Amurka na fiye da dala miliyan 80, aka gina manyan shingayen duwatsu shida, aka ƙarfafa gaɓa da dutse, aka cike fili don sababbin gidaje, aka kuma yi titi. An kammala a 2004, kuma babu mai musun cewa Keta ta tsira. Amma ku tambayi mutanen Blekusu da Agavedzi da Salakope da Adina, waɗanda ke gabas da aikin. Sai da aka koma aka yi wa Blekusu nata shingayen, daga nan ciwon ya matsa zuwa garuruwan da ke gaba. A watan Nuwamban 2021 teku ya haura cikin dare ya raba dubban mutane da muhallansu a wannan yanki. Ni ina sayen busasshen kifi daga matan wannan gaɓa, kuma abin da suka fi kuka da shi ba rushewar ɗaki ba ne kaɗai. Masunci yana buƙatar rairayi mai laushi inda zai jawo kwalekwalensa ya kuma ja taru, mata suna buƙatar fili na shanya da bandar kifi, idan kuwa aka jibge duwatsu a gaɓa, an kare gidan amma an kashe sana'ar.

Isufu, Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Wani zai ce mu mutanen Nijar da ba mu da teku ina ruwanmu da wannan magana, amma shinkafa da motoci da kayan masarufin da ke kasuwanninmu ta Kwatano da Lome suke shigowa, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 nauyin ya ƙara komawa kan Lome. An buɗe tashar Kwatano a 1965, ta Lome kuma a 1968, kuma kowacce ta maimaita abin da Injiniya ya ba da labari game da Legas. A yammacin tashar Lome rairayi ya yi faɗi sosai, a gabas kuwa teku ya cinye hanyar da ta nufi garin Aneho har sau biyu ana matsar da ita ciki. A Kwatano ma unguwannin gabas, wajen Akpakpa, sun rasa gidaje masu yawa. Wani binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai lalacewar yankunan gaɓa, wato zaizaya da ambaliya da gurɓatar muhalli, ta jawo wa Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal asarar dala biliyan 3.8. Abin da nake tambayar kaina shi ne, tunda muna cin moriyar waɗannan tashoshi, shin kuɗin da ake biya na fiton kaya akwai wani kaso da ke komawa ga ƙauyukan da tashoshin suka jefa cikin ruwa?

Dakta Halima, Fatakwal:
Malam Isufu, alaƙarku da teku ta ma wuce ta fatauci. Kogin Kwara da ya ratsa Yamai, da Binuwai da ya taso daga Kamaru suka haɗu a Lakwaja, su ne suka ɗauko laka da yashin da suka gina yankin Neja Delta cikin dubban shekaru, har da ƙasar da ruwan damina ke wankewa daga gonakin Arewa. Madatsar Kainji ta 1968, da ta Jebba, da ta Shiroro a kan Kogin Kaduna, da ta Lagdo a Kamaru, kowacce tana riƙe wani ɓangare na wannan kaya. Ƙasar irin wannan yanki kullum tana lotsawa a hankali saboda nauyinta, kuma sabuwar lakar da kogi ke kawowa ce ke cike giɓin. Idan lakar ta ragu, haƙar mai da iskar gas kuma suka ƙara lotsawar, sai teku ya samu ƙofa.

Ina kuma so Malam Sabi'u ya nuna wa ɗalibansa cewa gaɓa ba iri ɗaya ba ce, don haka maganinta ma ba ɗaya ba ne. A yammacin Gana, wajen Cape Three Points, duwatsu ne suka kutsa cikin teku, igiya takan lanƙwaso ta tattara ƙarfinta a kan tsinin dutsen tana fafe shi, ta tara yashi a lungunan da ke tsakani. Daga Keta zuwa Lekki rairayi ne. A yankin Ilaje na Jihar Ondo kuwa gaɓar laka ce zalla, kuma a nan garin Ayetoro yake, wanda wata jama'ar addinin Kirista ta kafa a 1947, ya yi suna wajen ƙera jiragen ruwa da zaman gama-kai. Yau teku ya ci babban ɓangaren garin, har da makarantu da wuraren ibada. Laka ba ta dawowa idan igiya ta narkar da ita, saɓanin yashi da manyan igiyoyin damina ke ja zuwa cikin ruwa, sannan masu laushi na rani su dawo da wani kasonsa. Shingen tare yashi ba zai yi aiki a inda babu yashin tarewa ba, dutse mai nauyi kuma nutsewa yake yi a tabo idan ba a shirya masa gindi ba. Hukumar raya yankin Neja Delta ta ba da kwangilar kare garin a 2004, ta sake bayarwa a 2009, kuma har yanzu mutanen garin suna jiran kariyar. Wannan abin takaici ne matuƙa, domin kowace damina da ta wuce tana ƙara tsadar aikin.

Malam Sabi'u, Zariya:
Dakta, na gode ƙwarai. Na lura duk cikinku babu wanda ya ɗora laifin a kan ɗumamar yanayi, alhali shi ne abin da muke ji kullum a rediyo. Ina matsayinsa a wannan lissafi?

Dakta Halima, Fatakwal:
Yana nan, kuma nauyinsa ƙaruwa yake yi. Tun daga 1900 teku ya ɗaga da kimanin santimita 20 a duniya baki ɗaya, yanzu kuma yana ƙaruwa da fiye da milimita 3 a shekara. A gaɓa mai shimfiɗe kamar tamu, ɗagawa kaɗan tana ba igiya damar isa nesa sosai, musamman idan cikar teku ta haɗu da manyan igiyoyin Yuli da Agusta. Amma ɗagawar milimitoci ba za ta iya bayyana asarar mitoci masu yawa a shekara guda a gabashin tashar jiragen ruwa ba. Ina gudun kada ɗumamar yanayi ta zama bangon da hukumomi ke ɓuya a bayansa, su bar abin da ke hannunsu, kamar masu yasar yashin gini da ke kwasa daga gaɓa da tafkin Legas, da sare itatuwan mangurof waɗanda saiwoyinsu ke riƙe laka suna rage ƙarfin igiya. Benin da Togo sun haramta ɗibar yashi a bakin teku, kuma wannan mataki bai kai tsadar katanga ko ɗaya ba.

Hannun mutum yana iya yin ɓarna ko da niyyarsa alheri ce. A 2003, don a ceci birnin Saint-Louis na Senegal daga ambaliyar kogi, an yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku. Ruwan ya janye kamar yadda aka so, amma igiya ta kama bakin yankan tana ci, har faɗinsa ya kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse, ruwan gishiri ya lalata gonaki.

Injiniya Bashir, Legas:
Akwai hanyar da ba ta cutar da maƙwabci, wato a ciyar da gaɓa maimakon a yi mata sulke. A 2011 ƙasar Holan ta zuba yashi kubik mita miliyan 21.5 a wuri guda kusa da birnin Hague, ta bar igiya da iska su rarraba shi a tsawon gaɓar cikin shekaru. An kwaikwayi wannan dabara a aikin haɗin gwiwar Togo da Benin ƙarƙashin WACA, shirin Bankin Duniya na kula da gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda aka haɗa shingaye da babban tulin yashi a ɓangaren Benin, don kada kariyar Togo ta zama masifar garin Grand-Popo na Benin. A wasu tashoshin duniya kuma ana tsotse yashin da ya taru a gefe guda na mashiga a tura shi ta bututu zuwa ɗaya gefen. Da an yi haka a Legas tun farko, da Bar Beach tana nan. Matsalar ita ce wannan aiki ba ya ƙarewa, kuɗi yake ci kowace shekara, kuma babu abin da ɗan siyasa zai tsaya a gabansa ya yanke ƙyalle.

Alhaji Ɗanjuma, Akara:
Akwai kuma maganar da mutane ba sa son ji, wato tashi. Ƙauyen Fuveme da ke kusa da bakin Kogin Volta ya riga ya tafi, kuma babu gwamnatin da za ta iya katange kowane ƙauye. Sai dai masunci ba zai yarda a kai shi inda ba ya jin ƙarar teku ba, ga kuma kaburburan iyaye da wuraren tsafin gargajiya da ke ɗaure mutane da ƙasarsu. Idan za a tayar da su, a ba su fili kusa da inda za su iya jawo jirgi, a kuma yi shi tun kafin ruwa ya kore su da tsakar dare.

Hajiya Rakiya, Aja:
Alhaji, na yarda da kai a kan ƙauyukan da suka riga suka shiga haɗari, amma ni abin da ya fi damuna shi ne sababbin gine-ginen da ake ci gaba da kafawa. Daga Lekki zuwa Ibeju ana ta sayar da filaye dab da ruwa, ana tallata su da cewa mai gida zai riƙa kallon teku daga tagarsa, ga kuma babbar hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kusan kilomita 700 da aka fara a 2024, wadda sashenta na farko ke bin gaɓar nan da muke magana a kanta. Duk gini mai tsada da aka kafa a bakin ruwa, gobe shi ne zai zama hujjar neman sabuwar katanga da kuɗin jama'a. Injiniya, ina so ka faɗa mana, da kai ne ke ba da izinin gini, tazarar mita nawa za ka bari tsakanin ruwa da tubalin farko?

Injiniya Bashir, Legas:
Ba zan ba da adadi ɗaya ga gaɓar baki ɗaya ba, Hajiya, domin kowane sashe da irin gudun da yake zaizayewa. Yadda ake yi shi ne a auna mitocin da wurin ke rasawa a shekara ta hanyar kwatanta tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan Adam, a ninka da shekarun da ake sa ran ginin zai yi, sannan a ƙara tazarar da babbar tumbatsa ke iya kaiwa. Wurin da ke rasa mita 2 a shekara, ginin da ake so ya shekara 50 bai kamata ya kusanci ruwa da ƙasa da mita 100 ba, kafin ma a ƙara na tumbatsa da na ɗagawar teku. A wasu sassan gabashin Alpha Beach, idan aka bi wannan lissafi da gaskiya, filaye da yawa da aka riga aka sayar ba za su samu izinin gini ba.